Zuwa ga ɗiyata a Aboabo

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara.

Muryarki a waya ba ta yi mini daɗi ba. Kin ce ciniki ya ja baya, har kina kwana biyu ba ki ɗora tukunyar waakye, shinkafa da waken da kike sayarwa, ba. Wannan ya fi damuna a kan rashin cinikin. Mai saye in ya zo sau biyu ya tarar da tebur a kife, ya zama na wata ke nan. Ki rage awo, amma kada ki daina fita. In olonka (gwangwanin awo) huɗu kike dafawa, koma biyu, dai bayan asuba a ga hayaƙinki.

Da yamma, kafin ki taɓa ko sisi, ki ware kuɗin shinkafa da wake da gawayi da mai, ki ɗaure su daban. "Bari in ɗan ara, gobe na mayar" shi ke cinye jari.

Mai susu kuwa, wato mai zagayawa karɓar ajiyar kuɗi, ki riƙa ba shi sidi 10 kullum. A kwana 31 zai riƙe na kwana ɗaya ladansa, ya ba ki 300. Ya cika katinki a gabanki, ba daga baya ba. In adashi za ku yi, kada ku wuce mutum goma, kuma waɗanda kuka san ƙofar gidan juna. Wadda ba a taɓa gwadawa ba, kwasarta ta zo ƙarshe, domin adashi yakan watse ne daga wadda ta kwasa da wuri ta daina zubi. Ki samu mata uku, ku huɗu ku haɗa kuɗi ku ɗauko buhun shinkafa a kasuwar Kejetia ku raba, ya fi awon kullum sauƙi.

Katin inshorar lafiya na NHIS, naki da na yara, ki danna *929# ki sabunta da MoMo, kuɗin waya. In ya daɗe da mutuwa, ana iya sa ki jira wata guda, zazzaɓi kuwa ba ya jira.

Kada kunyar babu ta kulle ki a ɗaki, ɗiyata. A Disambar 2022 tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin ɗari, matan Zango su suka rufa wa juna asiri. Ki je suna, ki je ta'aziyya, ko da sabulu ɗaya ne a hannunki. A can ake jin wa ke neman mai dafa abincin biki. Makarantar Asabar ma kada ki fasa.

Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ki faɗa mini olonka nawa ya ƙare. Allah ya yi miki albarka, ya buɗa.

Mahaifiyarki, daga Nima