A Gyara Tsofaffin Unguwannin Kaduna da Mutanensu a Ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana a kan tsofaffin unguwannin garin Kaduna, waɗanda aikin sabunta birni ya bi ta bakinsu ya wuce bai leƙa cikinsu ba.

Duk wanda ya san Kaduna kafin 2019, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birnin, ba zai musa cewa an yi aiki ba. An sake gina gadar Kawo, an faɗaɗa manyan tituna, an kuma gyara Dandalin Murtala, kuma mu da muke bin hanyoyin nan kullum mun ga sauƙin da aka samu. Amma da zarar mutum ya sauka daga kwalta ya shiga lungunan Tudun Wada, ko Unguwar Sanusi, ko Unguwar Shanu, ko Badarawa, zai tarar da abin da ya bari shekaru talatin da suka wuce yana nan, sai ma ƙarin tsufa da cunkoso. Wannan bambanci tsoho ne, domin tun da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, inda manyan ma'aikata suke zama shi ake fara shatawa, unguwannin leburori da 'yan kasuwa kuwa su biyo baya.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka bari in kawo misali da gidanmu. Marigayi mahaifinmu ya gina shi a Tudun Wada da albashin da yake karɓa a masaƙar Kakuri, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Yau mu magada goma sha ɗaya ne, ga kuma 'yan haya a ɗakuna huɗu. A daminar bara katangar baya ta zube cikin dare, saboda kwatar da ke bin gindinta ta cushe da leda da yashi, ruwa ya rasa hanya ya yi ta cin ginin a hankali. Allah Ya tsare ba a rasa rai ba. Rijiyar gidan kuwa taku shida ne tsakaninta da masan maƙwabta, don haka ruwan sha sai na 'yan garuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda irin waɗannan gidaje na gado suke lalacewa a gaban masu su. Kowa yana da haƙƙi a ciki, amma babu wanda zai zuba kuɗinsa a ginin da ba a raba ba, kuma da yake yawancinsu ba su da takardar mallaka sai tsohuwar takardar ciniki, babu bankin da zai ba da rancen gyara. Ƙarshenta magada su gaji su sayar, mai kuɗi ya rushe ya jera shaguna, 'yan haya kuma su kwashe kayansu su nufi ƙarshen Rigasa ko wani hayi inda babu titi babu magudana. Ta haka cunkoson da aka raba da tsakiyar gari yake sake tsirowa a gefensa, mutane kuma sun rabu da masallacinsu da makarantar 'ya'yansu da wurin sana'arsu. Mun ga yadda teloli da masu sayar da atamfa suka watse bayan an rushe Kasuwar Barci a 2020 domin a sake gina ta, shi ya sa kalmar gyara take faɗar wa mutanen unguwa da gaba.

Ina kira ga Mai Girma Gwamna Uba Sani da hukumomin KASUPDA, mai kula da tsara birane, da KADGIS, mai kula da filaye da takardun mallaka, da su shigo da aikin cikin lungu, su fara da magudanan ruwa da famfo kafin komai. A kuma sauƙaƙa wa gidajen gado samun takardar mallaka a kan kuɗi kaɗan, a riƙa zuwa unguwa-unguwa tare da masu unguwanni da limamai, domin su ne suka san iyakar kowane gida da magadansa. Inda kuwa ya zama dole a taɓa gini don a buɗe hanyar da motar kashe gobara ko ta asibiti za ta shiga, mu ma muna son hakan, amma a zauna da masu gida tukuna, a biya diyya kafin katafila ta iso, a kuma ba 'yan haya wa'adin da zai ishe su neman wani wuri a kusa.

Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Tudun Wada, Kaduna