Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Firaministar Birtaniya, Theresa May

Mai girma Firaminista,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yau Juma'a, 12 ga Afrilun 2019, ita ce rana ta biyu da aka tsayar mana cewa Birtaniya za ta fice daga Tarayyar Turai, ga shi gari ya waye muna nan inda muke. Ta farko, 29 ga Maris, ta zo ta wuce. Shekaranjiya shugabannin sauran ƙasashe 27 na Tarayyar suka zauna a Brussels har tsakar dare, suka ƙara miki wa'adi zuwa 31 ga Oktoba, shugaban taron Donald Tusk kuma ya roƙi Birtaniya kada ta yi wasa da wannan lokaci. Jiya 'yan majalisa suka tafi hutun Ista. Ni ma na sauka daga aikin dare da safen nan, barci ya ƙi zuwa, shi ne na ce bari in rubuto miki abin da ke cin raina.

Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibitin gwamnati da ke arewacin Ingila, shekara 14 ke nan. Asalina mutumin Jibiya ne a Jihar Katsina. Dokar ƙasar nan ta ba 'yan ƙasashe rainon Ingila da ke zaune a nan damar jefa ƙuri'a, don haka ranar 23 ga Yunin 2016, ranar ƙuri'ar raba gardama, na bi layi kamar kowa, kuma ina cikin mutum miliyan 17.4 da suka ce a fita. Ba zan ɓoye miki dalilina ba. Masu neman a fita sun yi ta gaya mana cewa idan aka rabu da Turai, mutumin Najeriya ko Ghana ko Indiya da mutumin Faransa za su zama ɗaya a gaban dokar shige da fice, ƙwarewa ce kawai za ta raba su. Sun kuma rubuta a jikin jar bas ɗinsu cewa fam miliyan 350 da suka ce ana aika wa Turai duk mako gara a zuba su a asibitoci. Wanda yake ganin marasa lafiya kwance kan gadon turawa a baranda saboda babu wuri, dole wannan magana ta shige shi. Na san ba ke kika rubuta ta ba, ke a lokacin kina ɓangaren a zauna ne. Amma ke kika karɓi ragama ranar 13 ga Yulin 2016, kuma duk abin da ya biyo baya a hannunki ya faru.

Takardar da aka miƙa mana tambaya ɗaya ce a kanta: a zauna ko a fita. Ba a tambaye mu kasuwar bai ɗaya ta Turai ba, ba a tambaye mu ƙawancen kwastan da Turai ba, balle iyakar Ailan. Kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna, Sikotland da Ailan ta Arewa da birnin Landan duk zama suka zaɓa. Ƙasar da ta rabu kusan gida biyu haka, abin da ya kamaci shugabanta shi ne ya tara manyan kowane ɓangare tun ranar farko, a zauna a yanke irin fitar da mafi yawan jama'a za su iya haɗiyewa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke kuwa sai kika tsaya jawabi a zauren Lancaster House da ke Landan cikin Janairun 2017 kika shata layukanki ke kaɗai, kika ce an bar kasuwar bai ɗaya, an bar kotun Turai, kuma gara a fita ba yarjejeniya da a fita da mummunar yarjejeniya. Waɗannan layuka ba mu muka zaɓe su ba. An shata su ne don a kwantar da hankalin masu zafin ra'ayi na jam'iyyarki ta Conservative. Daga nan kika aika wasiƙar sashe na 50, wato sanarwar fita a hukumance, ranar 29 ga Maris 2017, agogon shekara biyu ya fara bugawa, alhali ko ministocinki ba su daidaita kan inda aka dosa ba. Sai a Chequers, gidan hutun Firaminista, cikin Yulin 2018, aka zauna daidaitawar, wata 15 bayan an kama hanya, kuma cikin kwana uku ministocinki David Davis da Boris Johnson suka ajiye aiki. Ai ba a fafe gora ranar tafiya, balle a tsakiyar hanya.

Zaɓen da kika kira a Yunin 2017 shi ne ya kamata ya zame miki hannunka mai sanda. Kin nemi a ƙara miki rinjaye, jama'a suka karɓe wanda kike da shi. Maimakon ki juya wajen 'yan adawa, sai kika jingina da 'yan majalisa 10 na jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa, aka yi wa yankin alkawarin ƙarin fam biliyan 1. Jam'iyyar da ta ƙi yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, wadda kuma ta goyi bayan fita a yankin da kusan kashi 56 cikin ɗari suka ce a zauna, ita ce ta zama mai riƙe da wuyan gwamnatinki kan maganar iyaka.

A kan wannan iyaka nake so in ɗan tsaya, domin na lura da yawa daga masu ihu a majalisa ba su san mene ne zama a bakin iyaka ba. Ni na sani. Kakata ta wajen uwa mutuniyar Maraɗi ce. Muna yara ranar kasuwar Jibiya ba ka iya bambance wanda ya kwana a Najeriya da wanda ya kwana a Nijar, harshe ɗaya, dangi ɗaya, aure ɗaya. Amma duk ranar da aka tsaurara shinge, mai buhun gero ɗaya da tsohuwar da za ta je suna su ne ke shan wuya, manyan 'yan fasa ƙwauri kuwa sun san hanyarsu ta daji. Iyakar Ailan ta Arewa da Jamhuriyar Ailan ta kai kusan kilomita 500, da mashigai sama da 200, akwai gonakin da ta ratsa ta tsakiya. Mutum fiye da 3,500 suka mutu a rikicin yankin kafin yarjejeniyar 1998 ta sa aka kwashe sojoji da shingaye. Duk wanda ya ce a mayar da rumfar kwastan ɗaya a wannan hanya, to ya san ya kafa abin da wani zai zo ya kai wa hari, sannan a kawo ɗan sanda ya tsare rumfar, sannan a kawo soja ya tsare ɗan sandan. Tanadin ko-ta-kwana da kika amince da shi a yarjejeniyar fita da kika ƙulla da Turai, wanda zai riƙe Birtaniya cikin tsarin kwastan ɗaya da Turai har sai an samu wata mafita, ba laifi ba ne a ganina. A nan kam kin yi abin da ya dace, kuma ina yaba miki. Inda kika gaza shi ne ba ki taɓa fitowa kin gaya wa jama'a gaskiya ƙarara ba: ba zai yiwu a bar kwastan na Turai gaba ɗaya, a bar iyakar Ailan a buɗe, sannan a ce babu wani bincike tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya ba. Dole a saki ɗaya cikin ukun. Kin san haka tun 2017.

Sau uku kika kai yarjejeniyar nan mai shafi 585 gaban majalisa. Ranar 15 ga Janairu aka kayar da ita da ƙuri'a 432 da 202, ratar 230, kayen da babu gwamnatin da ta taɓa shan irinsa a tarihin majalisar na zamani. Ranar 12 ga Maris ratar ta zama 149. Kakakin majalisa John Bercow ya tono ƙa'idar 1604 ya ce ba a maimaita tambaya ɗaya a zama ɗaya, aka raba takardar biyu aka dawo da rabi, har kika yi wa 'yan jam'iyyarki alkawarin sauka idan suka amince, duk da haka ranar 29 ga Maris aka sake kayar da ita da ratar 58. Ranki ya daɗe, wannan ba rashin fahimta ba ne da za a ce ƙarin bayani zai gyara. Sun fahimta, sun ƙi.

Jawabin da kika yi daga fadarki ta Downing Street daren 20 ga Maris ya ba ni tsoro, wanda kika ce wa jama'a kina tare da su, kika ɗora laifin jinkiri a kan 'yan majalisa. A nan arewacin Ingila aka kashe 'yar majalisa Jo Cox a kan titi, mako ɗaya kafin ƙuri'ar raba gardama. Ba a nuna wa mutanen da ransu ya ɓaci wakilansu da yatsa a irin wannan yanayi.

Bari in gaya miki yadda jinkirin nan yake a ɗakin marasa lafiya. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da ya kwanta a wajenmu cikin Maris. Wajen ƙarfe uku na dare na je auna shi, sai ya riƙe hannuna ya ce in gaya masa tsakani da Allah, idan aka fita ba yarjejeniya, allurar insulin ɗinsa za ta yanke? Ya ji a labarai cewa gwamnati ta umarci kamfanonin magani su tara kayan ƙarin mako shida, ya kuma san kusan duk insulin ɗin ƙasar nan daga waje ake shigo da shi. Ya ce ya fara rage abin da yake yi wa kansa yana ɓoye sauran a firji, abin da ya kawo shi asibiti ke nan. Na zauna a bakin gadonsa na lallashe shi, na roƙe shi kada ya sake. Ke ma da wannan allura kike rayuwa, duniya ta sani, don haka ba sai na yi miki bayanin abin da ke zuciyar mutumin nan ba. Duk ranar da wani minista ya fito ya ce fita ba yarjejeniya tana nan a kan tebur don a tsorata Brussels, irin wannan dattijo ne ke tsorata.

Sai abokiyar aikina, 'yar ƙasar Fotugal, shekara tara muna karɓar aiki daga hannun juna. Ita ba ta da ƙuri'a a 2016, ni da na zo daga Katsina ina da ita, kuma rayuwarta ce aka jefa ƙuri'ar a kai. Wannan yana damuna har yau. A watan jiya ta tattara 'ya'yanta biyu ta koma Porto. Ba korar ta aka yi ba, kin ma soke kuɗin rajistar zama na fam 65 da aka ɗora wa 'yan Turai a Janairu. Ta ce ta gaji da zama ba ta san matsayinta ba, kusan shekara uku. Masu jinya daga Turai da ke rajistar aiki a nan sun faɗo daga 1,304 a Yulin 2016 zuwa 46 a Afrilun 2017, ga guraben jinya kusan 40,000 babu kowa a Ingila. Gurbinta yana nan, mu muke raba aikinta. Alkawarin da aka yi wa irina kuma, takardar manufofin shige da fice ta Disamban bara ta kawo shawarar albashin fam 30,000 ga mai son zuwa aiki, kuɗin da masu kula da tsofaffi ba su ko kusa da shi. Kin je Abuja da Legas a Agustan bara kin yi maganar sabuwar dangantaka da Afirka, mun ji daɗi, amma waɗanda suka ga abin da ya sami tsofaffin Windrush, 'yan yankin Karibiyan da suka daɗe a nan aka ɗauke su a matsayin baƙin haure, suna jiran gani a ƙasa.

Roƙona shi ne kada ki kawo wannan yarjejeniya karo na huɗu yadda take. Majalisa ta riga ta nuna miki inda bakin zaren yake. Ranar 1 ga Afrilu shawarar ɗan jam'iyyarki Kenneth Clarke ta zama cikin ƙawancen kwastan ta faɗi da ƙuri'a uku kacal, 273 da 276, alhali an hana manyan ministocinki jefa tasu. Shawarar a mayar wa jama'a duk abin da aka cimma su tabbatar ta faɗi da 12. Babu abin da kika kawo da ya matso kusa haka. Tattaunawar da kika buɗe da madugun 'yan adawa Jeremy Corbyn a farkon watan nan ta zo a makare da shekara biyu, amma ta zo, kuma ba za ta haifi komai ba idan kika shiga da layukan Lancaster House a aljihu. Ki saki batun kwastan. Na san wasu 'yan jam'iyyarki za su yi bore, wataƙila jam'iyyar ta tsage. Su ne dai mutum 117 da suka nemi tsige ki a Disamba, kuma kin riga kin ce za ki sauka, to me ya rage da za su ƙwace miki?

Idan an daidaita, ki dawo mana da takardar mu gani. Na san fiye da mutum miliyan 6 sun sa hannu a soke fitar baki ɗaya, ni ban sa ba, domin ban yarda a shafe ƙuri'ar mutum miliyan 17.4 da sa hannu a intanet ba. Maƙwabtana da suka zaɓi fita ba wawaye ba ne, garuruwansu ne aka manta da su tun da aka rufe ma'adinan kwal da masaƙu. Amma a 2016 mun zaɓi abin da ba mu gani ba, yanzu ga shi a rubuce, da farashinsa na kusan fam biliyan 39 da za a biya Turai. A tambaye mu: wannan fitar, ko zama. Idan jama'a suka sake cewa a fita, bakin kowa ya mutu, a fita a ranar da aka sa. Ni kaina ban gama yanke abin da zan zaɓa ba, amma ina so a tambaye ni da takardar a gabana.

Majalisa za ta dawo ranar 23 ga Afrilu. Kafin ki shiga wani sabon zagaye, ki tashi a gabanta ki faɗa da bakinki cewa Birtaniya ba za ta fita ba yarjejeniya ba ranar 31 ga Oktoba, ki sa a rubuta shi a doka yadda wanda zai gaje ki ba zai warware shi cikin sauƙi ba. Dattijon nan zai dawo ganin likita a watan gobe, ina so in sami abin da zan gaya masa.

Na gode da sauraro. Allah Ya yi miki jagora.

Naki,
wani ma'aikacin jinya,
arewacin Ingila,
12 ga Afrilu, 2019