Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Shirya Sujada

Iyayenmu dattawa, iyaye mata, matasa da dukan 'yan'uwa a cikin Almasihu, alheri da salama su tabbata a gare ku. A madadin shugaban kwamiti da sauran abokan aiki, ga bayanin abin da Ubangiji ya ba mu ikon yi a shekarar da muke ban kwana da ita.

Ayyukan yau da kullum ba za mu daɗe a kansu ba, domin a gabanku aka yi su. Jadawalin masu jagorar sujada, masu karatu da masu addu'a yana fita tun kafin wata ya kama, kuma ƙorafin da ake yi a da, cewa sai da safiyar Lahadi ake tare mutum a bakin ƙofa a miƙa masa karatu, ya ragu ƙwarai. Mun zauna da masu karatu muka roƙe su su riƙa karanta nassin da ƙarfi a gida kafin su hau, musamman inda akwai sunaye masu wuyar faɗi. Shugaban mawaƙa yanzu yakan sami nassin wa'azi da wuri, shi ya sa waƙoƙi suke tafiya da saƙon ranar. Sujadar Kirsimeti, ta makon shan wuyar Ubangiji da ta Ista, Jibin Ubangiji da baftisma, duk an yi su lafiya. Abin da har yanzu ya gagare mu shi ne tsawon sanarwa, kuma muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su riƙa kawo tasu a rubuce.

Aikin da ya fi cin lokacinmu, wanda kuma ya sa rahoton bana ya yi tsawo, shi ne sujadar keɓe sababbin ma'aikatan ikilisiya da karrama waɗanda suka sauka. Wa'adin wasu dattawa ya cika, haka na ma'aji da magatakarda da shugabannin wasu ƙungiyoyi. Majalisar ikilisiya ta ɗora mana shirya sujada guda wadda a cikinta za a gode wa masu sauka, a kuma tsayar da masu karɓar aiki.

Zaman farko da muka yi, gaskiya, ya tafi ne a kan kujeru: wa zai zauna a gaba, wa za a fara kira, wace kyauta ta dace da wane, su wa za a gayyato daga waje. Mun yi nisa a haka sai wata uwa a cikinmu, wadda ta fi mu shekaru a wannan hidima, ta tambaya ko naɗin sarauta muke shiryawa ko sujada. Tambayar ta sa muka ajiye takardun, muka yarda cewa zama na gaba ba za mu tattauna komai ba sai abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna game da tsayar da mutum a kan aiki. Duk wani abu mai kyau da ya fito a wannan sujada, daga wannan zaman ya samo tushe.

Mun fara da Ayyukan Manzanni 6:1-6. Abin da ya kawo zaɓen mutum bakwai ɗin nan gunaguni ne, domin ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Wato muƙamin ya fito ne daga wata bukata, kuma aikin da aka ba su Istifanas da Filibus da sauransu shi ne aikin rabo. Jama'a ce ta zaɓa, ta kawo su gaban manzanni, manzanni suka yi addu'a suka ɗora musu hannu. A Littafin Ƙidaya 27:18-23 kuwa, an umarci Musa ya tsayar da Joshuwa a gaban Ele'azara firist da gaban dukan taron jama'a, ya ɗora masa hannu, ya danƙa masa aikin a idon kowa, domin jama'a su san wanda za su bi. A Antakiya, kafin a sallami Barnaba da Shawulu (wato Bulus), sai da aka yi azumi da addu'a (Ayyukan Manzanni 13:3), haka kuma su biyun suka yi sa'ad da suke naɗa dattawa a kowace ikilisiya (14:23). Ko'ina muka duba, abin da muka gani shi ne jama'a a tsaye, addu'a, da kaya ana ɗora wa mutum. Fasto ya tuna mana cewa kalmar da muke cewa dikon daga Helenanci ta fito, kuma ma'anarta mai hidima ce.

Wannan bai hana mu karramawa ba, kada a ji mu ba daidai ba. Yabon gwani ya zama dole, kuma Bulus da kansa ya roƙi 'yan'uwa a 1 Tasalonikawa 5:12-13 su san darajar masu fama da aiki a cikinsu, su girmama su cikin ƙauna saboda aikinsu. A 1 Timoti 5:17 ya ce dattawan da suka riƙe ragama da kyau sun cancanci girma ninki biyu. Abin da muka lura shi ne dalilin girman, wato aikin da aka yi. Saboda haka muka raba sujadar gida biyu: godiya ga wanda ya riga ya yi, sa'an nan addu'a da alkawari ga wanda zai fara. Muka kuma sa godiyar a gaba, domin sababbin su ji da kunnensu abin da ikilisiya take yabawa kafin su durƙusa. Maimakon a jero muƙaman da mutum ya riƙe, muka roƙi a faɗi abu ɗaya tak da ya yi wanda 'yan'uwa suka amfana da shi: ziyarar marasa lafiya, sasanta gidan da ya kusa watsewa, riƙon littafin kuɗi ba tare da an taɓa jin ƙishin-ƙishin ba.

Muhawara mafi tsawo ita ce ta ɗora hannu. Wasu dattawa an sake zaɓen su, wasu kuma wannan ne karonsu na farko. Shin kowa za a ɗora wa hannu? Wasu a cikinmu suka ce a yi wa kowa don kada wani ya ji an ware shi. Wasu suka ce keɓewa sau ɗaya ake yi, wanda aka riga aka keɓe sai dai a sake tsayar da shi a kan aiki da addu'a. Ikilisiyoyi da yawa haka suke bambanta abubuwan biyu, kuma da muka kai maganar gaban fasto da majalisa, aka duba tsarin mulkin ikilisiyarmu aka tsaya a kan ra'ayi na biyu. Ni dai a ganina daidai aka yi. Gargaɗin 1 Timoti 5:22, cewa kada a yi garajen ɗora wa kowa hannu, yana nuna abu ne mai nauyi, kuma in aka riƙa maimaita shi kowane wa'adi, nauyinsa zai ragu a idon yara masu tasowa. Mun roƙi fasto ya bayyana wa jama'a wannan bambanci a taƙaice a ranar, ya kuwa yi, kuma bai kai kunnenmu ba cewa wani ya ji haushi.

Kafin ranar, an karanta sunayen zaɓaɓɓun a sujada, aka ba da dama duk mai wata damuwa ya je wurin fasto a asirce, tunda 1 Timoti 3:10 ya ce a fara gwada masu hidima tukuna. Sa'an nan fasto ya zauna da su tare da matansu ko mazansu, aka karanta 1 Timoti 3:1-13 da Titus 1:5-9 aya aya. Waɗanda suka halarta sun ce sun yi mamakin yadda kusan dukan sharuɗɗan na hali ne: kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin saurin fushi, riƙon gida, da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Mun kuma ba kowannensu tambayoyin alkawarin a rubuce tun da wuri. Bai kamata mutum ya ce zai yi da taimakon Allah a kan maganar da a lokacin ya fara jinta ba. An sa ranar azumi da addu'a ga dukan ikilisiya a makon, ranar jajiberi kuma muka yi gwaji, aka nuna wa kowa inda zai tsaya da inda zai durƙusa, aka tanadi kujera ga wanda gwiwa ba za ta bar shi ba.

Sujadar ta fara da Zabura 100. Bayan karatu, fasto ya yi wa'azi daga Yahaya 13, inda Ubangiji ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, ya haɗa da Markus 10:42-45. Aka kira masu sauka, aka faɗi aikin kowa, aka ba su takardar godiya, aka yi musu addu'a tare da iyalansu, domin su ma sun biya kuɗin wannan hidima da daren da aka bar su ana zaman majalisa. Sai aka kira masu hawa, suka amsa tambayoyin, aka ɗora wa sababbin dattawa hannu. Magatakarda mai sauka ya miƙa littafin rubuta zaman majalisa ga magajinsa hannu da hannu, mai riƙe da makullai ya miƙa makullai, kowane sabon dattijo kuma aka ba shi Littafi Mai Tsarki.

Wurin da muke so mu ja hankalinku shi ne abin da ya biyo baya, domin bana ne muka fara shigar da shi. Fasto ya ce dukan jama'a su miƙe, ya tambaye ku ko kun karɓi waɗannan 'yan'uwa, ko za ku yi musu addu'a, ku ba su haɗin kai, ku kuma kai musu kuskurensu a fuskarsu maimakon a bayan idonsu. Kuka amsa. Mun sa wannan ne saboda Ibraniyawa 13:17, inda aka ce shugabanni suna tsaron rayukanmu a matsayin waɗanda za su ba da lissafi, aka kuma roƙe mu mu sa su yi aikin da farin ciki, ba da nishi ba. Shekara da shekaru ma'aikata kaɗai ke yin alkawari, sauranmu muna zaune muna kallo, bayan wata biyu kuma a fara ƙorafi. Ranar nan kowa ya ɗauki nasa kason, kuma kwamiti yana tuna muku cewa wannan amsar da kuka ba da tana nan a kanku har ƙarshen wa'adinsu. An rufe da albarkar Haruna ta Littafin Ƙidaya 6:24-26.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ga inda muka gaza. Mafi zafi a gare mu shi ne sunan da ya faɗi daga jerin waɗanda aka gode wa: wata uwa da ta daɗe tana share majami'a tana gyara teburin Jibin Ubangiji, ba tare da an taɓa zaɓenta a wani muƙami ba. Mun yanke tun farko cewa irinsu ma za a ambace su, kamar yadda Bulus ya cika Romawa 16 da sunayen mutanen da suka yi wahala, tun daga Fibi ta ikilisiyar Kankiriya. Amma mun tattara jerin ne daga littafin zaɓe, ita kuwa sunanta ba ya ciki. Laifin namu ne. Mun je gidanta mun ba ta haƙuri, aka kuma gode mata a gaban jama'a Lahadin da ta biyo baya, sai dai mun san ba daidai yake da a ce an kira ta a ranar ba.

Sujadar ta kuma wuce lokacin da muka tsara, domin mun bar masu jawabin godiya ba tare da iyaka ba, har wasu iyaye masu ƙananan yara suka fita kafin a kai ga alkawarin jama'a. Makirufo bai kai wurin masu durƙuso ba, na baya ba su ji amsarsu ba. Littattafan kuɗi kuma ba a miƙa su a ranar ba saboda masu bincike ba su gama dubawa ba. An miƙa su daga baya a zaman majalisa, komai kuma ya fita daidai, amma da mun tuntuɓi masu binciken da wuri da an yi abin a idon kowa. Game da abin da muka kashe, bai kai abin da majalisa ta ware mana ba, mun mayar da ragowar, bayaninsa kuma yana cikin rahoton ma'aji.

Don shekara mai zuwa, mun rubuta tsarin wannan sujada gaba ɗaya, da tambayoyin alkawari da nassoshin da aka karanta, mun ajiye a ofishin ikilisiya domin kwamitin da zai zo bayanmu kada ya fara daga tushe. Muna roƙon kowace ƙungiya ta kawo mana sunayen dukan masu yi mata aiki, zaɓaɓɓu da waɗanda ba a zaɓa ba, kafin ƙarshen watan farko. Mun kuma kai wa majalisa shawarar a keɓe Lahadi ɗaya a tsakiyar shekara a sake kiran ma'aikatan nan gaba a yi musu addu'a, lokacin da gajiya ta fara shiga, muna jiran amsarta. Kwamitin yana bukatar matasa biyu, ɗaya ya kula da na'urar sauti, ɗaya ya taimaka wajen rubuta jadawali. Mai niyya ya ga shugaban kwamiti bayan sujada.

Naku a cikin hidimar Ubangiji,
Magatakardan Kwamitin Shirya Sujada