Masu walda, mu haɗa kai yaranmu su koyi waldar argon

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu sana'ar walda, musamman shugabannin ƙungiyoyinmu.

Shekarata 19 ina walda a Kano. Ƙofa, taga, get, kejin janareta, ƙafar tankin ruwa, duk da sandar walda na yi su, kuma alhamdu lillahi da ita nake riƙe da iyalina. Bara wani mai gidan abinci ya kawo mini aikin teburan kicin na sitenles, wato farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, falle mai kaurin milimita 1 da 'yan kai. Na sayo sandar sitenles, na rage wuta iya ragewa. Ƙarfen ya dinga hujewa, inda bai huje ba kuma ya lanƙwashe ya yi baƙi. Na mayar wa mutumin kuɗinsa, na biya falle biyu da na ɓata.

Aikin ya koma hannun wani matashi da na ba wa kusan shekara 15, wanda ya koyo waldar argon a Fatakwal. Na je na gani da idona. Ɗinki ne siriri, a jere kamar aikin zare a wuyan babbar riga, launinsa kamar ruwan zuma, ba kashin walda ko ɗigo. Bayan sati biyu na koma shagonsa na ce ya koya mini. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Oga, ni zan koya maka?" Na ce masa gemu ba ya hana ilimi.

Turawa na kiran wannan walda TIG, mu a bakin aiki argon muke cewa. A Amurka aka fito da ita a 1941, a kamfanin ƙera jiragen sama na Northrop, domin haɗa ƙarfe marar nauyi na jikin jirgi, kuma har yau ana ji da ita a kan falle marar kauri. A waldarmu ta yau da kullum sandar ce ke narkewa ta cike wurin. A nan allura ce ta ƙarfen tangistin a bakin toci, wato mariƙin waldar, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400. Ita aikinta kunna wuta kawai. Wayar ciko tana ɗaya hannun, gas ɗin argon kuma yana fesowa ya lulluɓe narkakken ƙarfen don kada iska ta taɓa shi.

Satin farko malamin nawa bai bar ni na taɓa wayar ciko ba. Ya ajiye mini guntun baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, ya sa wuta wajen amfiya 100, gas lita 8 a minti, ya ce in narka wuri ɗaya har ya yi ƙyalli kamar ɗigon mai, sannan in tura shi gaba a miƙe. Tsakanin bakin allura da ƙarfe kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. A nan na gane abin da ke kayar da tsofaffin hannu irina. Sandar walda tana gajercewa tana ci, don haka hannunmu ya saba da binta ƙasa ba tare da mun sani ba. Allurar tangistin ba ta gajercewa. Da hannu ya yi abin da ya saba, sai ta tsoma baki a narkakken ƙarfe, wutar ta watse, ɗinkin ya ƙazantu. Dole ka tsaya, ka kwance ta, ka je giranda ka wasa, ka dawo. Akwai ranar da na ƙirga sau 14 kafin azahar. Wasawar ma da ƙa'idarta: a tsaye ake wasa ta, zanen dutsen ya bi tsawon allurar, in ka wasa a kwance wutar yawo za ta dinga yi. Allura mai jan fenti a kai kuma tana da sinadarin toriyam mai cutarwa, a rufe hanci in za a wasa ta.

Da hannun dama ya fara nutsuwa, sai rigimar hagu ta taso. Shekara 19 ba abin da hagun nan ke yi sai riƙe gilashin kare fuska. Yanzu ana so ya dinga zura waya tsakanin yatsu, yana ɗiga ta a gaban narkakken ƙarfen, ba tare da ta taɓa allura ba, ba kuma tare da bakinta ya fita daga inuwar gas ba. Bayan sallar isha'i nakan sa safar hannu in zauna a tsakar gida ina zura waya daga wannan kai zuwa wancan, ba wuta ba komai. Na lura masu gyaran salansa da suka saba da waldar kabaid sun fi mu saurin kamawa, domin su dama da hannu biyu suke aiki.

Sai tsafta, wadda ban taɓa ba ta muhimmanci haka ba. Sandar walda tana haƙuri da tsatsa da fenti, argon ba ta haƙuri. A goge ƙarfe har ya yi fari, a share shi da ruwan asiton mai cire maiƙo, ita ma wayar a share ta, burushin sitenles kuma kada ya taɓa baƙin ƙarfe. Kada wani ya ɗauko abin fesawa na wanke birki ya ce zai goge ƙarfe da shi, domin akwai mai sinadarin kulorin a ciki, in hasken walda ya same shi guba yake zama mai kisa. Iska ma abokiyar gaba ce. Yawancinmu a bakin titi muke aiki, ni kuma a tsakiyar hunturu na fara koyo. Da iska ta kaɗa sai ta kwashe gas ɗin, ɗinki ya fito da huji-huji kamar gidan rina. Sai da muka kewaye teburin da katako muka kashe fanka. Amma in cikin tanki za a shiga, akasin haka ake nema, domin argon ya fi iska nauyi, ba shi da wari, yana taruwa a ƙasa ya shaƙe mutum bai ankara ba. Yara kuma suna ganin ba tartsatsi, hayaƙi kaɗan ne, sai su ɗauka ba haɗari. Hasken yana ƙona fata kamar an wuni a rana, ido kuma ya kwana kamar an zuba masa yashi. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya kare komai.

Yau wata 8 ke nan. Ina haɗa sitenles yadda ba zan ji kunyar mai aiki ba. Alminiyon ban kai ba tukuna, shi yana son inji mai wutar AC, saboda ɓawon da ke samansa sai zafi ya haura digiri 2,000 yake narkewa, alhali ƙarfen da ke ƙasa 660 ya ishe shi.

Edita, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Injin yanzu ya samu, ƙarami ne, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Gas ne ke hana yaranmu koyo. Ɗan koyo zai ƙarar da tukunyar gas guda bai kawo ko sisi ba, kuma ba kowane maigidan shago ne zai iya jure wannan ba. Ga shi aikin yana nan. Masana'antun abinci da na lemo a Sharaɗa, Bompai da Chalawa bututunsu na sitenles ne. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yana zuwa da tashoshi da masana'antu masu neman wanda ya ci gwajin 6G, wato haɗa bututun da aka kafe a karkace ba tare da an juya shi ba. Ɗinkin farko na irin wannan bututu sau da yawa da argon ake yinsa. Yaron da bai taɓa riƙe toci ba ina zai tunkari wannan gwaji?

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu, yadda muke karo-karo in biki ko rasuwa ta samu ɗayanmu, mu yi na inji ɗaya da tukunyar gas a kowace shiyya, a tsara yara su dinga zuwa bi da bi. Ina kuma roƙon kwalejojin fasaha na gwamnati da hukumar horas da ma'aikata ta ITF su duba yiwuwar buɗe ajin yamma ga waɗanda suke bakin sana'a, ko ba su da takardar sakandare.

Ni dai na sayi inji na hannu. Kowace Asabar bayan la'asar yarana biyu suna zama a kansa, ƙaramin ma har ya fara ɗiga waya. Tukunyar da na cika a farkon watan jiya ta kusa ƙarewa.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani mai walda,
Unguwa Uku, Kano.