Godiya ga ɗakin haɗa sautin da ya yi aikin fim ɗinmu

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa ga shugaban wannan ɗaki da dukkan ma'aikatansa, tun daga injiniyoyi har masu ɗauko waya da makirufo.

Na ga ya dace in yi godiyar nan a bainar jama'a, domin idan fim ya fito jarumai da darakta ake yabo, mai sauti kuwa ba a tuna shi sai in abu ya lalace. Tun 1927 da fim mai magana ya kama kasuwa a Amurka kunne ke ɗauke da rabin labari, amma sunayen masu wannan aiki na fitowa ne a allo bayan 'yan kallo sun miƙe.

Abin da muka kawo muku yana da kyan hoto, sai dai iska ta bugi makirufo a fitowar da muka ɗauka a fili, ga ƙugin janareto a ƙarƙashin maganar jarumai. Kun tace abin da zai tacu. Inda ya gagara, kun kira jarumai suka maimaita maganarsu a ɗaki suna kallon leɓensu a allo. Hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, kuma murya na kaucewa da hoto biyu ko uku ido zai kama. Na duba da kyau, ban ga inda ta kauce ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne fitowar da uwa ke zaune tana jiran ɗanta. Kuka ce a cire kiɗan gaba ɗaya, na amince. A madadinsa kuka sa takun ƙafa daga nesa, yana matsowa, ya tsaya a bakin ƙofa, sannan motsin rigarta da ta juyo. Dukkansu da hannu da ƙafa ma'aikacinku ya yi su yana bin hoton, irin sana'ar da Jack Foley ya yi suna da ita a kamfanin Universal. Har shirun ɗakin kun shimfiɗa a ƙasa, saboda kowane ɗaki yana da ɗan amonsa, in aka yanke shi ƙaf kunne zai ji rami. A ganina fina-finai da yawa suna zuba kiɗa ne don su tilasta wa mai kallo kuka. Ku kun bar shi ya ji fargabar da uwar nan ke ciki da kansa, kuma wallahi ranar nunin farko babu mai ko tari a wannan wuri.

Kun kuma haɗa sautin iri biyu: na sinima mai tsarin 5.1, wato lasifika biyar da ta shida mai fitar da amo mai kauri, inda magana ke fita ta lasifikar tsakiya, da na waya da talabijin, don kada kiɗa ya danne murya a ƙaramar lasifika. Ba kowa ke ɗaukar wannan ɗawainiya ba.

Kun cika alkawari a kan lokaci, kuma duk tambayar da na yi an amsa mini cikin mutunci. Abokan sana'a masu neman inda za su kai aikinsu, ga shaidata. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira da buɗi.

Naku,
Daraktan fim ɗin