Zuwa ga mutumina a Kuala Lumpur

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Ya ruwan saman garin naku da ba ya gajiya? Na je Kano ƙarshen watan jiya, na leƙa na gaida Hajiya. Tana nan ƙalau, sai ƙorafin gwiwa, da kuma cewa ba ka kira sai ka ga dama. Ni dai na isar da saƙo, saura ya rage naka.

Ka tambaye ni ko na yi abokai a Abuja. Na yi, alhamdu lillahi, kuma mutanen kirki ne. Sai dai akwai maganar da na ƙi saka maka a saƙon murya, don na san kafin in kai rabi za ka kira ni kana dariya. Tun da na zo garin nan, babu mutum ɗaya da ya san ina jin waƙoƙin Koriya. Ko wanda muke kwana gida ɗaya da shi bai sani ba.

Kai ne shaida a kan yadda abin ya faro. Lokacin kullen korona na 2020 ne, muna zaune a soro babu wurin zuwa, Auta tana ta kunna BTS, ƙungiyar samarin mawaƙan Koriya su bakwai, a tsakar gida har muka fara yi mata tsiya. Kafin a buɗe gari mu ne muke karɓar wayarta. A lokacin ban ɗauke shi komai ba, kiɗa ne ya yi min daɗi na bi shi. A nan ne na gane cewa amsar "wace waƙa kake ji?" tana da tsada.

Mu huɗu muke haɗa kuɗin mai daga Kubwa zuwa ofis. Ka san tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ba kowa ke iya fita da motarsa kullum ba. Dokar motar ita ce, wanda ya zauna a gaba shi zai haɗa wayarsa da rediyo. Ni kuwa kullum sai in yi sauri in shige baya, in ce ai girma na manya ne, har suna yaba min tarbiyya. Ranar da babu makawa sai na zauna a gaba, ina da wani jerin waƙoƙi na musamman da na tanada saboda mutane: Shata, Ɗanƙwairo, Ɗanmaraya, sai ɗan Burna Boy a ƙarshe don kada a ce ni tsoho ne. Kafin in haɗa wayar sai na duba sau biyu, in rufe YouTube ruf, don kada ya ɗauko min abin da na kalla da daddare ya baje a gaban motar. Muna cikin gosulo ana jin kalangu, mai motar yana kaɗa kai yana cewa, "Yaron nan ka san waƙa." Ba ƙarya na yi musu ba, ina son Shata har zuciyata. Amma na mai da shi garkuwa, kuma ni na san haka.

Abin da ya ƙara rufe min baki wata hira ce da aka yi a motar. Babbanmu, wanda muke kira Oga, ya ce ya ƙwace wayar 'yarsa saboda ta cika ta da hotunan "yaran nan na Koriya masu jan baki". Aka kwashe da dariya. Na kusa da ni ya ce shi bai ma iya bambance maza da mata a cikinsu ba. Ɗayan, wanda ya fi mu zama a Tuwita, ya ce shi ba mawaƙan ne matsalarsa ba, mabiyansu ne: ka faɗi kalma ɗaya a kansu, kafin ka ajiye waya mutum ɗari sun sauko maka, wasu da zagi, wasu da bidiyon rawa, wasu har su binciko inda kake aiki. Sannan Oga ya rufe da cewa, "Yarinya dai a yi mata uzuri, amma namiji da hankalinsa?" Ina zaune a baya ina kallon titi, na ce, "Allah ya kyauta." Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan.

Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ga inda na tsaya. Mutanen nan ba su taɓa zama sun saurari waƙa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, saboda haka ba waƙar suke ƙi ba. Idan sabon mutum ya tambaye ka abin da kake ji, so yake ya san layin da zai saka ka. In ka ce K-pop, wato waƙoƙin Koriyan nan, ba ya jin kiɗa, taron mutane yake gani, kuma mafi munin taron da ya taɓa cin karo da shi. Daga ranar kai ne wakilinsu, duk abin da wata yarinya ta rubuta a Manila ko Sao Paulo kai za ka amsa.

Kuma gaskiya ɗaya ce, mai Tuwitar bai yi musu ƙage ba. Akwai marasa kunya a cikin mabiyan nan. A Koriyar kanta akwai waɗanda ke bin mawaƙa har ƙofar gida, su sayi lambar wayarsu, su sayi tikitin jirgin da za su hau don su zauna kusa da su. Akwai faɗan da ba ya ƙarewa tsakanin masoyan wannan ƙungiya da na waccan. A ƙarshen 2019 mawaƙa mata biyu, Sulli da Goo Hara, suka rasu wata ɗaya da 'yan kwanaki tsakani, bayan sun sha fama da cin mutunci a intanet, har ƙasar ta shiga muhawara a kan zagin da ake yi wa mutane a shafuka. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, balle a nan waken ba ɗaya ba ne. Ni dai ban taɓa zagin kowa a kan waƙa ba, ban san ranar haihuwar ko mutum ɗaya daga cikin 'yan BTS bakwai ɗin ba, ban taɓa kwana ina maimaita bidiyo don lissafin masu kallo ya hau ba. Amma wa zai tsaya ya tantance?

Na san abin da za ka ce: in kare kaina da hujja. Hujjar tana nan. Shugaban BTS ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018. A watan Oktoban 2019 sun yi wasa a filin Sarki Fahad da ke Riyad, ƙasar Saudiyya, filin ya cika da mata cikin abaya. A 2020 sun ba da dala miliyan ɗaya ga fafutukar kare baƙaƙen fatar Amurka, mabiyansu suka tara wata miliyan ɗin cikin kwana ɗaya da ɗan ɗoriya. Ƙaraminsu shi ya yi waƙa a bikin buɗe Gasar Kofin Duniya ta Ƙatar a Nuwamban 2022, kuma na tabbata Oga ya kalli bikin bai san ko wane ne ba. "Masu jan bakin" nan duk sun je sun yi wa ƙasarsu aikin dole, babbansu ya shiga soja a Disamban 2022, na ƙarshensu ya gama a Yunin 2025. To amma ka lura da tarkon. Da zarar na fara jero shekaru da alƙaluma irin haka a cikin mota, na zama daidai mutumin da suke yi wa dariya, wanda ya haddace tarihin wasu yara a Seoul yana neman wanda zai karanta wa. Shiru ya ci ni, magana ma ta ci ni.

Abin da ke ba ni haushi shi ne rashin adalcin ma'aunin. Mutumin da ke ƙorafi a kan mabiyan K-pop ɗan Wizkid FC ne na gani-kashe-ni. Kullum yana cikin faɗa da 'yan 30BG na Davido, zagin da suke yi wa juna ko a tasha ba a yin irinsa. Babu wanda ya taɓa cewa ba shi da hankali. Ranar da Arsenal ta sha kashi Oga ba ya amsa gaisuwa sai azahar, wannan kuma sunansa kishi. Bambancin da nake gani guda ɗaya ne: mafi yawan masu son waƙoƙin Koriya 'yan mata ne, kuma a wurinmu abin da 'yan mata suka yi wa ca ya riga ya zama abin raini. Namijin da ya shiga cikinsu kuwa, ka san sunan da za a laƙaba masa, ba sai na rubuta ba. Shi nake tsoro fiye da komai, don irin sunan nan in ya kama mutum a ofis ba ya saki, kuma yana iya bin sa har gidan da ya je neman aure.

Ka tuna 'yan Marlians, mabiyan mawaƙi Naira Marley? Akwai lokacin da yara ke alfahari da sunan, su ƙi ɗaura bel, suna cewa ba su da ɗa'a. Bayan rasuwar Mohbad, mawaƙin da ya taɓa zama yaron Naira Marley, a Satumban 2023 sai ka nemi masu amsa sunan ka rasa. Mutane da yawa ba su daina jin kiɗan a ranar ba, daina faɗa suka yi.

Mai ce min kiɗa gaba ɗaya haramun ne, wannan maganarsa daban ce, ina girmama ta, aƙalla bai ware wa kowa ba. Wanda ba na iya haƙuri da shi shi ne mai tambayar "kana jin yarensu ne?" Iyayenmu sun tashi da waƙoƙin Indiya tun zamanin silima, suna rerawa baki ɗaya ba tare da sun san kalma goma ta yaren ba. 'Yan bandiri a Kano har karin waƙoƙin Indiyan suka ɗauka suka ɗora wa yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Shatan ma da nake fakewa da shi, a zamaninsa akwai gidajen da ake ganin kiɗansa na 'yan bariki ne, ba na ɗan mutunci ba. Sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, yau kuma duk wanda ya ce Shata yake ji an ɗauke shi dattijo.

Bari in ba ka wani labari da zai sa ka dariya. Wanda muke gida ɗaya da shi ɗan Kwankwasiyya ne na ƙin ƙari, jar hularsa tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, ko shago zai je sai ya ɗora ta. Wata Asabar na dawo da wuri, wuta ta ɗauke, unguwa ta yi tsit, sai nake jin kiɗa ƙasa-ƙasa daga banɗaki. Na kasa kunne. Rarara ne, kuma cikin waƙoƙin da ya yi wa ɓangaren da mutumin ke zagi dare da rana. Ba jin ta kawai yake ba, yana bin amshi, har da buga bokiti. Da ya fito da tawul a wuya ya gan ni a falo, sai ya tsaya cak, ya ce, "Kiɗan ne kawai, wallahi." Na ce ai ban ce komai ba. Ya ce, "Kada dai 'yan majalisa su ji." Na yi masa alkawari. Ka ga dama ta samu da zan ce masa ni ma ga nawa, mu rufa wa juna asiri. Ban faɗa ba. Na auna na ga nasa laifin siyasa ne, in ya tonu za a yi masa tsiya kwana biyu a wuce. Nawa ba a nan zai tsaya ba.

Abin da ɓoyon yake ci min ba babba ba ne, amma kullum ne. Mutanen nan suna sona, sai dai wanda suke so ɗin wani ne da na gyara musu, mai jin kalangu da safe. In sabuwar waƙa ta fito ba ni da wanda zan tura wa sai Auta, ita kuma yanzu miji da goyo sun sha mata kai. Akwai cibiyar al'adun Koriya a nan Abuja tun 2010, suna koyar da yaren, suna shirya gasar rawa da waƙa. Ba ta da nisa da inda nake aiki. Na sha cewa zan leƙa, sai in tuna Abuja ƙaramin gari ne, hoto ɗaya ya isa.

Shi ya sa nake ɗan yi maka hassada. Ka ce a can 'yan mata da lulluɓinsu suna rataya hoton mawaƙan a jaka, ana kunna waƙoƙin a kanti, babu mai waiwaye. Amma ina so ka faɗa min tsakaninka da Allah: in kun haɗu da 'yan Najeriya ranar Juma'a bayan masallaci, ana cin shinkafa ana hira, ka taɓa faɗa musu? Ko kai ma Shata kake ce musu? Ina zargin na san amsar, amma ina so in ji daga bakinka.

Akwai wani sabon ma'aikaci da aka kawo sashenmu, Bazazzagi, mai shiru-shiru. Rannan wayarsa ta yi ƙara a wurin taro, ya kashe ta da sauri, amma daƙiƙa biyun da na ji sun ishe ni gane waƙar. Ya ɗago ido ya duba ko wani ya lura, ni kuma na sunkuyar da kai kan takarda. Har yau ina tunanin ta inda zan ɓullo masa ba tare da ya ɗauka tarko nake ɗana masa ba. In kana da dabara ka turo min.

Maganar takardunka da ka ce in karɓo, na je an ce in koma bayan sati biyu, da zarar sun fito zan ɗauki hotonsu in tura maka. Kilishin ma yana nan zuwa ta hannun yaron da zai taso ƙarshen wata, kada ka bari 'yan ɗakinku su gan shi kafin kai. Ka gaida su duka, kuma don Allah ka kira Hajiya.

Wassalam,
naka har kullum.