Daga Sakkwato zuwa Maiduguri ba tafiyar awa ɗaya ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan maganar da baƙonku ya yi a shirin ranar Asabar, inda ya ce daga Sakkwato zuwa Maiduguri tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce a jirgin sama, mai gabatarwa kuma ya amsa masa da "haka ne" bai tambaye shi wane jirgi ke yin wannan tafiya ba. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai.

A kan taswira gaskiyarsa ce, domin tsakanin filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da na Maiduguri kimanin kilomita 860 ne idan aka miƙe sak. To amma ni da na yi tafiyar da kaina, ranar da aka bugo mini waya da hantsi cewa yayana ya rasu a Maiduguri, na nemi jirgin da zai miƙe can na rasa. Abin da aka ce mini shi ne sai na fara sauka Abuja, wato in yi kusan kilomita 490 kudu, sannan in sake juyowa arewa maso gabas in yi wasu 700 da ɗoriya, tafiyar ta koma kusan kilomita 1,200 ke nan, da tikiti biyu, da awon kaya sau biyu.

Jirginmu bai tashi daga Sakkwato ba sai bayan la'asar. Ko da muka sauka filin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja, jirgin Maiduguri ya daɗe da tafiya, dole na nemi masauki na kwana da kuɗin da ban yi tanadinsu ba. Washegari hazo ya rufe sararin sama, muka zauna a ɗakin jira tun sassafe har azahar ta gota, ba wanda ya fito ya yi mana bayani mai gamsarwa. Na isa gidan rasuwar bayan magariba, alhali tun jiya an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Ƙanena da ya shiga mota ta Gusau da Kano da Potiskum da Damaturu, duk da fargabar hanya da shingayen bincike, ya riga ni zama a tabarmar gaisuwa.

Saboda haka ina roƙonku, duk lokacin da za ku faɗi tsawon tafiya a jirgi, ku lissafa daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, ku kuma gaya wa mai sauraro ko jirgin yana zuwa kai tsaye ko sai ya ya da zango, domin akwai masu marasa lafiya da ke yanke shawara a kan abin da suka ji daga bakinku.

Sannan don Allah ku daina karanta mana nisa da mil. Mil ɗin da matuƙa jirgi ke awo da shi ya haura kilomita ɗaya da rabi sosai, kusan biyu ne, kuma ba shi ne wanda iyayenmu suka sani a bakin titi ba.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Sakkwato.